"The jury is still out": an yanke hukunci ke nan, ko da sauran magana?

Auwal Ɗalibi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malamanmu na Turanci. Wani sharhi muka karanta a kan cire tallafin man fetur, sai marubucin ya rufe da cewa "the jury is still out on whether the policy has worked". Abokina ya ce wai ma'anarta hukunci ya riga ya fito, kamar yadda ake cewa "result is out" in sakamakon jarrabawa ya fito. Ni kuwa maganar ba ta kwanta mini ba, don in hukunci ya fito, me ya kawo "still" a ciki? Don Allah a raba mana gardama.

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam Auwal. Kai ne da gaskiya. Ma'anarta ba a kai ga matsaya ba tukuna, da sauran magana. Amma ban ga laifin abokin naka ba, a nan tarkon yake. "Out" na jarrabawa fitowa ce, abu ya bayyana kowa ya gani. Wannan kuwa fita ce. Mutanen da za su yanke hukunci sun fice daga zauren kotu, sun shige wani ɗaki suna shawara, ba su dawo ba. Muddin suna can, ba wanda ya san da me za su dawo. In magana ta ƙare sai ka ji an ce "the jury is in" ko "the verdict is in", wato sun dawo ciki.

Ka kuma lura da kalmar da ke biyo baya. Kusan kullum "on" ce: "on the new drug", "on whether it works". Kuma ba a cika faɗinta a kan ɗan ƙaramin zaɓi na mutum ɗaya ba. In kana ruwan ido tsakanin shadda biyu a kasuwa, abin da za ka ce shi ne "I haven't made up my mind". Waccan an fi ajiye ta ga abin da jama'a ko masana ke aunawa: sabon magani, sabuwar doka, sabon kocin ƙwallo.

Auwal Ɗalibi:
Na gode Malama, Allah ya ƙara sani. To su wane ne "jury" ɗin? Alƙalai ne?

Barista Kabiru:
Ba alƙalai ba ne ƙanena, kuma rashin sanin haka ne ke sa maganar ta yi wa mutanenmu duhu, don ba mu da wannan tsari a kotunanmu. A Ingila da Amurka, in laifi babba ne, sai a zaɓo mutanen gari, yawanci su 12, da ba su da alaƙa da shari'ar. Ana iya samun direba, malamar makaranta, mai shago. Su zauna su saurari shaidu da lauyoyi daga farko har ƙarshe. Alƙali shi ke bayyana musu doka, su kuma aikinsu guda ne: ya aikata ko bai aikata ba. Da an gama, sai a kai su ɗaki a rufe, ba mai shiga, ba a yarda su tattauna batun da kowa a waje ba.

Tsawon zaman ba shi da ƙa'ida. Shari'ar O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan Amurka da aka zarga da kisa, a 1995 ta shafe fiye da wata takwas, amma shawarar ba ta kai awa huɗu ba suka ce bai aikata ba. A shari'ar ɗan sandan da ya kashe George Floyd, a Afrilun 2021, kusan awa goma suka yi cikin kwana biyu. A irin wannan tsakanin ne 'yan jarida ke cirko-cirko a ƙofar kotu suna cewa har yanzu suna ciki. Daga kotu ne maganar ta tsallako zuwa bakin kowa.

Akwai wani tarihi da nake son ku sani, don shi ya ba wa ɗakin nan daraja. A 1670 a Landan, aka gurfanar da William Penn, wanda daga baya ya kafa Pennsylvania a Amurka, shi da William Mead, saboda wa'azi a kan titi. Mutanen 12 suka ƙi ba kotu hukuncin da take so. Aka kulle su kwana biyu ba ci ba sha, suka kafe. Aka ci su tara, ɗayansu mai suna Edward Bushel ya ƙi biya, aka ɗaure shi. Da magana ta je gaban babban alƙali Vaughan, sai ya yanke cewa ba a hukunta waɗannan mutane saboda abin da suka yanke. Tun daga nan in an ce suna ciki, to da gaske ba a san abin da zai fito ba, ko sarki bai sani ba.

Malam Sani Tafinta:
Barista ka biya mu. Ni matsalata ta aiki ce. In wannan jimla ta zo mini a labaran da zan karanta a rediyo, ba zan tsaya ina cewa "masu taimaka wa alƙali ba su dawo ba" a kan batun man fetur ba, sai mai sauraro a Ɗambatta ya ɗauka an kai gwamnati kotu ne. Abin da nake cewa shi ne "har yanzu masana ba su cimma matsaya ba", ko "da sauran rina a kaba". In wasanni ne kuwa sai in ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Malama Hadiza:
Malam Sani, ta farko ta yi daidai. "Da sauran rina a kaba" kuwa ina da ja. Mu in muka faɗe ta, akwai ƙamshin gargaɗi a ciki, wato akwai sauran wahala a gaba, kada a saki jiki. Ta Turancin ba ta karkata ko'ina ba, ana iya dawowa da alheri, ana iya dawowa da akasinsa.

Malam Sani Tafinta:
A ƙamus ba ta karkata ba. A bakin mutane fa? Ki duba yadda ake amfani da ita. In aka naɗa sabon koci ya ci wasa biyar a jere, ba mai cewa "the jury is still out". Sai ya fara yin canjaras ake tuno ta. Sau da yawa hanya ce ta cewa "ban gamsu ba" cikin ladabi. Shi ya sa nake ganin rinar nan ba ta yi nisa da ita ba.

Malama Hadiza:
A wannan na yarda. Amma maci tuwo ya fi kusa da "time will tell", jiran lokaci kawai. Ita waccan tana nufin akwai masu zama suna auna hujja.

Alhaji Ɗanlami Kwari:
Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na bi bayanin Barista tsaf, kuma raina ya ɓaci da wanda ya rubuta sharhin nan. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban ƙasa ya ce tallafi ya tafi. Kafin sati ya zagayo, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a nan Kano. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin dako ya tashi, kwanon masara ya tashi. Yaran shagona da ke zuwa daga Rijiyar Zaki suka koma tafiyar ƙasa rabin hanya. Sai wani ya zauna cikin sanyin ofis ya ce wai ba a yanke hukunci ba? Su wa yake jira? In mutanen gari ne ke yanke hukuncin kamar yadda Barista ya ce, ai mu ne mutanen garin, kuma mun daɗe da dawowa daga ɗakin.

Bashir Mai Lissafi:
Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ba wanda zai musa wahalar da aka sha. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, alƙaluman hukumar ƙididdiga ne, ba zancen teburin mai shayi ba. Amma tambayar da marubucin ya yi daban ce. Bai ce ko an sha wuya ba, cewa ya yi ko manufar ta yi aiki. Masu goyon bayanta tun farko cewa suka yi kuɗin da ake zubawa a tallafi za su koma hannun gwamnatoci, a yi hanyoyi da asibitoci da makarantu, a daina fasa-ƙwaurin mai zuwa maƙwabta. Kason da jihohi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai in a naira za a ƙirga. Ko ya zama aikin da talaka zai gani, wannan ne ba a gama gani ba. Ga shi kuma an saki darajar naira a watan Yunin 2023, abubuwa biyu suka haɗu, raba tasirin kowanne sai an zauna da alƙalami.

Alhaji Ɗanlami Kwari:
To Bashir ɗana, yaushe za a gama ganin? Ka ba ni rana. A Janairun 2012 an cire, lita ta tashi daga 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga ta dawo 97. Lokacin ma an ce a jira a ga amfanin kuɗin. Wa ya dawo ya ba mu lissafi?

Barista Kabiru:
Tambayar Alhaji ita ce ƙashin bayan maganar, kada a ɗauke ta faɗa. A kotun da aka aro maganar, abubuwa uku tabbas ne. An san su wane ne ke ciki. An san shaidar da aka ajiye musu. An kuma san za su fito. In sun kasa haɗuwa a kan abu ɗaya, alƙali ya sallame su, a sake shari'a da wasu ko a janye ƙarar. A Ingila tun 1967 ma alƙali na iya karɓar hukuncin goma cikin sha biyu in an daɗe ba a daidaita ba. Ko mu nan da alƙali ke yanke hukunci shi kaɗai, sashe na 294 na tsarin mulki ya ba shi kwana 90 bayan kammala shaidu da jawaban ƙarshe. Ba a ajiye hukunci har abada.

Saboda haka duk wanda ya ce maka "the jury is still out", ka tambaye shi: wa ke aunawa, da wace hujja, kuma me zai gani ya ce magana ta ƙare? In ya amsa, mai gaskiya ne. In ya kasa, ya ari rigar kotu ne kawai ya rufe bakinka da ita.

Dakta Amina:
Barista ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A fanninmu an kashe mutane da irin wannan magana, ba da wasa nake faɗa ba. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka wallafa binciken da ya danganta shan taba da sankarar huhu. Hujjoji suka yi ta taruwa. Me kamfanonin taba na Amurka suka yi? A farkon 1954 suka sayi shafi a ɗaruruwan jaridu suna cewa ba a tabbatar ba, masana ba su daidaita ba, za su sa a ƙara bincike. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya ce taba na haddasa sankarar huhu. Duk da haka, a 1969 aka rubuta wata takardar cikin gida a kamfanin Brown & Williamson da ke cewa shakka ita ce hajarsu. Ba sai sun gamsar da kowa cewa taba lafiya ce ba. Ya ishe su mai shan ta ya ji cewa har yanzu ana gardama, sai ya kunna wata.

Shi ya sa in na ga wannan jimla a rubutun lafiya nake fara duba wa ya rubuta, wa ya biya kuɗin binciken. Akwai inda take gaskiya tsantsa, sabon magani da aka gwada a kan mutane kaɗan na ɗan lokaci, dole ka ce a dakata. Akwai kuma inda masu shawarar suka dawo tun kafin a haife mu, wani ya tsaya a bakin ƙofa yana ce wa jama'a ba su fito ba.

Auwal Ɗalibi:
Anti Dakta, to akwai inda masana suka yanke, daga baya ya zama sun yi kuskure?

Dakta Amina:
Akwai mana, kuma misalin yana cikin gidan kowa. Shekara da shekaru likitoci na koyar da cewa damuwa da yawan sinadarin da ciki ke fitarwa su ne tushen gyambon ciki. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ce ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa. Aka ƙi saurarensu. A 1984 Marshall ya shanye ƙwayar da kansa, cikinsa ya kumbura da ciwo, ya nuna. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Yau gwaji ake yi, in an sami ƙwayar a ba ka magungunan kashe ta na sati ɗaya zuwa biyu. Amma ka lura da abin da ya buɗe shari'ar: sabuwar hujja ce, ba surutu ba. Abin da ke damuna shi ne har yau marasa lafiya na zuwa wurina sun shekara suna shan madara da maganin kwantar da ciki, an ce musu yunwa ce da yaji, ba wanda ya taɓa tura su gwaji.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu, kuma abin da kuke faɗa ba baƙo ba ne a zauren karatu. Mu abin da muke cewa shi ne "akwai saɓani", ko a ce malami ya yi tawaƙƙufi, wato ya dakata bai rinjayar da kowane ɓangare ba. Wannan ba aibi ba ne, ado ne. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce "ban sani ba" a 32 daga ciki. Malamin Madina ke nan, da ake yi wa tafiyar watanni.

Sai dai malaman nan da suka koya mana dakatawa, su ne kuma suka ce ba kowane saɓani ake dubawa ba, sai wanda ke da rabo a hujja. Yanzu kuwa da an ce wa mutum abu kaza bai halatta ba, kafin ka rufe baki ya ce "ai akwai saɓani". Ka ce wa ya saɓa, a wane littafi, da wane dalili, sai ya yi shiru. Ba ilimi ne ya sa shi dakatawa ba, son ransa ne ya riga ya yanke, yana neman mafaka. Ciwon da Dakta ta kwatanta ne, kala ce kawai ta bambanta.

Hajiya Rabi Kumasi:
Ina gaishe ku daga Zango. Barista, ka ce ba ku da wannan tsari, to mu a Gana muna da shi. Shari'ar kisan kai a babbar kotu da mutanen gari ake yi, sai dai su bakwai ne, ba 12 ba. Don haka a nan in an faɗi maganar, wanda ya san kotu yana ganin hotonta.

Issoufou Maraɗi:
Mu kuma boko na Faransanci muka yi. A Faransa mutanen garin ba su kaɗai ke shiga ɗaki ba, su shida suke zama tare da alƙalai uku, a yi shawara gaba ɗaya. In muna son faɗin abin da kuke faɗa sai mu ce "la question n'est pas tranchée", ba a datse magana ba. Ina jin daɗin zauren nan wallahi, ku ci gaba.

Barista Kabiru:
Hajiya na gode da ƙarin. Ko a kotunan alƙalanmu na da akwai muhuti da ke zama kusa da alƙali yana taya shi duba littafi, amma shi malami ne, kuma hukunci na alƙali ne. Ba abu ɗaya ba ne.

Hajiya Binta Fagge:
Dakta Amina 'yata, ina da magana da ke, kuma ki yi haƙuri in ta yi ɗaci. Kin yi magana kamar duk mai cewa a dakata maƙaryaci ne ko an saye shi. Mu da muka ga 1996 a Kano fa? Ana tsakiyar annobar sanƙarau, Pfizer suka zo asibitin zana suka gwada maganinsu Trovan a cikin yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. To da aka zo 2003 ana cewa a buɗe bakin yara a ɗiga musu maganin shan inna, iyaye suka ce a tsaya a bincika, laifinsu ne? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Dakta Amina:
Mama, ban ce haka ba, kuma ba zan taɓa cewa iyayen nan ba su da dalilin tsoro ba. Abin da aka yi a 1996 ya karya amana, mu ma'aikatan lafiya har yau muna biyan bashinsa a ƙofar gidajen mutane. Amma ki duba yadda ta 2003 ta ƙare, don ita ce ta fi kowane misali fito da abin da Barista ke faɗa. An ce ana zargin akwai abin hana haihuwa a ciki. Zargi ne da ake iya gwadawa. Aka kafa kwamitoci, aka kai maganin ɗakunan gwaji a gida da waje, daga ƙarshe Kano ta karɓi wanda aka yi a Indunusiya, aka ci gaba da rigakafi a Yulin 2004. Wato an zauna, an auna, an fito.

Sai dai dakatawar ba kyauta ta zo ba. A wannan tsakanin cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, har ta kai Yaman da Indunusiyar kanta. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu magidanta ne, muna ganinsu. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Wanda ya ce a bincika a 2003 ina fahimtarsa. Wanda ya zo yau, bayan 'yan matan da aka ɗiga wa a lokacin sun yi aure suna goye da nasu, ya ce har yanzu ba a tabbatar ba, shi ne nake tambaya me kuma yake jira.

Hajiya Binta Fagge:
To na ji wannan. Jikokina duk an yi musu. Amma ku riƙa faɗin na 1996 ɗin tare, kada ku riƙa farawa daga 2003 kamar haka kawai muka tashi da taurin kai.

Dakta Amina:
Gaskiyarki Mama. Haƙƙinku ne a faɗa.

Malam Sani Tafinta:
Akwai wani abu da ban ji an taɓo ba. Mu 'yan jarida mun fi kowa son jimlar nan, kuma ba kullum don mugunta ba. An koya mana kada mu ɗauki ɓangare. In ka rufe rahoto da ita, ba wanda zai kira edita ya ce ka yi son kai. Gwamnati ba ta ji haushi ba, 'yan adawa ba su ji ba, ka koma gida lafiya. Amma wani lokacin ka san inda hujja ta rinjaya, ka yi hira da mutum goma, tara sun faɗi abu ɗaya da takardu a hannu, ɗaya ya musa da baki kawai. In ka ce ba a daidaita ba, ba ƙarya ka yi ba a lafazi, amma mai sauraro ya tafi da hoton biyar da biyar.

Malama Hadiza:
Turawa suna da suna daban ga wannan, "sitting on the fence", zaman kan katanga, ba ka ciki ba ka waje. Bambancinsu shi nake nanata wa ɗalibaina. Waccan bayani ce a kan halin da hujja take ciki. Wannan kuwa bayani ce a kan halin mutumin. In aka ce maka kana kan katanga, ba yabo ba ne. Da yawa kuma suna kan katangar ne, sai su fake da cewa masu shawara ba su dawo ba.

Bashir Mai Lissafi:
To bari in sauko, tunda Alhaji ya nemi rana kuma Barista ya kafa sharaɗi. Ga ma'aunina, kowa ya riƙe ni da shi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. A ɗauki abin da 30,000 ke saya a farkon 2023, kwanon masara nawa, litar mai nawa, kuɗin mota na kwana nawa, a kwatanta da abin da mafi ƙarancin albashi ke saya ranar da gwamnatin ta cika shekara huɗu. Na biyu, kowace jiha ta nuna ƙarin da ta samu daga kason tarayya da abin da ta yi da shi, a rubuce, asibiti kaza, aji kaza. In ma'aikaci bai dawo inda yake ba, kuma jihohi ba su iya nuna aikin ba, ni da bakina zan ce manufar ba ta yi wa talaka aiki ba, kome kyan alƙaluman baitulmali.

Alhaji Ɗanlami Kwari:
Yanzu ka yi magana. Amma ka manta yawancinmu ba ma cin albashi. Yaron shago, mai tura baro, manomi a Bichi da ke sayen taki, wa ya ɗaga musu zuwa 70,000? Ka sa su a ma'aunin.

Bashir Mai Lissafi:
Za su shiga Alhaji. Na manomi mai sauƙi ne: buhun masara nawa zai sayar ya sayi buhun taki ɗaya, a da da yanzu. Na mai baro da yaron shago sai dai ku da ke kasuwa ku taimaka da abin da ake biyansu a rana kafin Mayun 2023 da abin da ake biya yau, don irin wannan ba a cika samunsa a rahoton hukuma ba.

Alhaji Ɗanlami Kwari:
Wannan ai yana cikin littafin shago, ba abin da ba na rubutawa. Gobe in Allah ya kai mu zan sa yaro ya ɗauko na 2022 da na bana, in turo maka hoton shafukan.